Kuɗin Gwamnati da Tsaron Mutuncin Mata a Sharaɗa, Challawa da Bompai

Jama'a, darasinmu na yau a kan kuɗi ne. Amma ba kuɗin aljihunmu ba. Kuɗin baitulmali mu ke nufi, watau dukiyar jama'a wadda gwamnati ta ke riƙo. Za mu duba yadda a ke amfani da ita wajen kare matanmu da 'ya'yanmu mata daga masu cin zarafinsu. Mu karanta a hankali, gama maganar ta shafi kowane gida.

Inda 'ya'yanmu su ke zuwa neman abinci

A birnin Kano akwai manyan unguwanni uku na masana'antu. Akwai Bompai, ita ce tsohuwa, tun zamanin Turawa a ka fara kafa ma'aikatu a cikinta. Akwai Sharaɗa, wadda ta bunƙasa daga baya. Akwai kuma Challawa, kusa da Panshekara, a ƙasar Kumbotso, inda majemun fata su ke da yawa.

A da, waɗannan wurare cike su ke da injuna masu aiki dare da rana. Tun daga wajen 1986, sa'ad da gwamnati ta tsuke bakin aljihu kuma darajar naira ta faɗi, kamfanoni da yawa su ka rufe. Ƙarancin wutar lantarki ya ƙara durƙusar da waɗansu. Duk da haka har yanzu akwai masu aiki. Ana yin roba, da takalma, da alawa, da biskit. Ana gyaran riɗi da zoɓo don kai wa ƙasashen waje.

Mata suna cikin masu wannan aiki. Waɗansu suna tsintar riɗi, waɗansu suna ƙulla kaya a leda, waɗansu suna shara. A bakin ƙofar kamfani kuma akwai masu tuwo da shinkafa, da yara mata masu tallan gyaɗa da awara da fura. Da yawansu daga ƙauyukanmu su ke. Wata 'yar wanmu ce, wata ƙanwar matarmu ce, wata bazawara ce mai riƙon marayu.

Mafi yawan masu ba su aiki da masu sayen kayansu mutanen kirki ne. Amma ba a rasa ɓata-gari. Kuma mai neman na abinci, wanda a ke biya kullum-kullum ba tare da takardar ɗaukar aiki ba, shi ne ya fi jin tsoron buɗe baki.

Mene ne cin zarafi?

Cin zarafin mace iri-iri ne. Duka cin zarafi ne, ko a gida ko a waje. Fyaɗe cin zarafi ne, shi ne kuwa mafi muni. In shugaban leburori ya ce wa mace ba za ta sami aiki gobe ba sai ta biya masa bukatarsa, wannan cin zarafi ne. Taɓa jikin yarinya mai talla, da jan ta zuwa kango, da tsare ta a hanya da dare, duk cin zarafi ne. Addininmu ya hana, al'adarmu ta hana, doka kuma ta hana.

Kada mu ce abin kaɗan ne. A 2018 gwamnatin tarayya ta yi babban binciken lafiyar iyali a dukan Nijeriya. An tambayi mata masu shekara 15 zuwa 49. Cikin kowace mace 100, an sami 31 waɗanda a ka taɓa duka ko a ka ji musu ciwo tun daga shekara 15. An sami 9 waɗanda a ka taɓa yi wa lalata da ƙarfi. Fiye da rabin waɗanda abin ya same su kuwa ba su nemi taimakon kowa ba. Ba mu kaɗai ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa gamuwa da irin wannan.

Mu ɗauki misali

A ce ga yarinya 'yar shekara 13. Uwarta ta ɗora mata talla zuwa bakin wani kamfani. Magariba ta yi ba ta sayar ba. Wani ya ce ta biyo shi zai saye duka. Ya kai ta bayan wani gini da a ka daina aiki a cikinsa, ya yi mata fyaɗe.

To, me iyayenta za su yi? Da fari sai a kai ta asibiti. Wannan yana bukatar kuɗin mota. Likita zai duba ta, ya yi gwajin jini, ya ba da magani. Sai a je wurin 'yan sanda. Su kuma suna bukatar mota da mai don su je su kamo mai laifi. Sai lauyan gwamnati ya shirya takardu. Sai a shiga kotu. Shari'a takan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Kowane zama sai uban ya bar gonarsa, ya biya kuɗin mota, shi da yarinya da shaidu.

Talaka ba zai iya ɗaukar wannan duka ba. In ya gaji, sai dangin mai laifi su zo da 'yan kuɗi da ban haƙuri, a ce a rufa asiri. Shi ke nan, magana ta mutu. Mai laifi ya koma bakin ƙofar kamfani, yana jiran 'yar wani.

Kun ga inda kuɗin gwamnati ya shigo. In baitulmali ya ɗauki nauyin magani da bincike da shari'a, talaka ya iya tsayawa har ƙarshe. In bai ɗauka ba, gaskiya sai ta zama ta mai kuɗi kaɗai.

Ayyukan da kuɗin ya ke yi

Na ɗaya, magani. A Asibitin Murtala Muhammad cikin birnin Kano akwai wani sashe da a ke kira Cibiyar Waraka. An kafa ta musamman domin waɗanda a ka yi wa fyaɗe. Ana duba su kyauta, a ba su magani, a kwantar musu da hankali, a rubuta takardar likita wadda za a nuna wa alƙali. Amma mu sani, abin da ya ke kyauta gare mu ba kyauta ba ne ga cibiyar. Dole wani ya biya albashin likita da nas, ya sayi magani da kayan gwaji.

A nan akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe da ka. Akwai maganin da ya ke hana kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau bayan fyaɗe. Amma sai an fara shan sa kafin awa 72, watau kwana 3, kuma a sha har kwana 28. In an wuce kwana 3, ba ya aiki. Saboda haka kada a tsaya shawara da taron dangi. A fara kai ta asibiti tukuna. In da hali kada ta yi wanka, kada a wanke tufafin da ta ke sanye da su, gama shaida ce.

Na biyu, bincike da kamu. Hedkwatar 'yan sandan Jihar Kano tana Bompai. Babban ofishin Hukumar Hisba, wadda a ka kafa da doka a 2003, yana Sharaɗa. Kun ga hukuma ba ta yi nisa da masana'antu ba. Abin da a ke bukata shi ne ma'aikata mata waɗanda a ka horar, da ɗaki na sirri inda mace za ta yi magana ba a gaban jama'a ba, da motar zuwa wurin da abin ya faru. Duk kuɗi ne.

Na uku, shari'a. Lauyoyin Ma'aikatar Shari'a su ne su ke gabatar da ƙarar manyan laifuffuka a madadin gwamnati. Akwai kuma hukumar tarayya mai ba marasa hali lauya kyauta, wadda a ka kafa a 1976. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ta 1995, da hukumar NAPTIP, ta 2003, mai yaƙi da fataucin mutane. Dukansu suna da ofis a Kano.

Na huɗu, mafaka. Wata matar, wanda ya ke dukanta shi ne ya ke ciyar da ita. In ta kai ƙara, ina za ta kwana? Tana bukatar wurin zama na ɗan lokaci, da abinci, da koyon sana'a.

Na biyar, rigakafi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Fitilar kan titi a hanyar da ma'aikata su ke bi da asuba da dare rigakafi ce. Rufe kangon kamfanin da ya mutu rigakafi ne. Sufetan ƙwadago mai zagaya masana'antu rigakafi ne. Makaranta kuwa ita ce babba, gama yarinyar da ta ke aji ba ta bakin ƙofar kamfani da faranti a ka.

Daga ina kuɗin ya ke fitowa?

Waɗansu suna tsammani gwamnati tana da wata rijiyar kuɗi. Ba haka ba ne. Hanyoyin samunta sanannu ne.

Akwai kason wata-wata daga Abuja. Ana tara kuɗin man fetur da na kwastan da harajin kamfanoni wuri ɗaya, sa'an nan a raba wa gwamnatin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, ta fi kowace jiha yawa.

Akwai harajin sayen kaya. Tun watan Fabrairu 2020 ne a ka mai da shi naira 7 da kwabo 50 cikin kowace naira 100. In mun sayi katin waya, mun biya shi ko ba mu sani ba.

Akwai kuma harajin cikin gida wanda jiha ta ke tarawa da kanta. A ciki har da abin da a ke cirewa daga albashin ma'aikatan Bompai da Sharaɗa da Challawa, da kuɗin ƙasa da masu kamfanoni su ke biya.

Ashe kuwa kuɗin namu ne. Gumin ma'aikata yana ciki, har da na mata. In mace ta nemi a kare ta da shi, ba bara ta ke yi ba. Haƙƙinta ta ke nema.

Ƙofofi uku

Kafin naira ɗaya ta fita daga baitulmali ta isa ga mai bukata, sai ta bi ƙofofi uku.

Ƙofa ta fari ita ce kasafi. Wajen ƙarshen kowace shekara gwamna yakan kai wa Majalisar Dokoki takardar abin da ya ke so ya kashe a shekara mai zuwa. A Kano 'yan majalisa 40 ne. Sukan duba, su kira jama'a su ji ra'ayinsu, su ƙara ko su rage, sa'an nan gwamna ya sa hannu. Abin da ba a rubuta cikin kasafi ba, ba shi da rabo.

Ƙofa ta biyu ita ce sakin kuɗi. A nan mutane da yawa su ke ruɗewa. Rubuta kuɗi a takarda dabam, sakin su dabam. Kamar maigida ne ya ce da damina, in an yi girbi zai gyara rufin ɗaki. Faɗa ya yi, ba gyara ba. Ana iya rubuta wa wani aiki miliyan 50, shekara ta ƙare ba a saki ko rabi ba.

Ƙofa ta uku ita ce kashewa. An saki kuɗin, to, me a ka yi da su? An sayi magani, ko kuwa an ƙare su wajen taro a otal da buga riguna? Akwai babban mai binciken kuɗi na jiha. Aikinsa ne ya duba littattafai ya kai rahoto ga majalisa.

In mun ji a rediyo an ce an ware kuɗi kaza domin mata, mu yi murna kaɗan. Sa'an nan mu tambaya, an saki? An kashe a kan me?

Doka ba ta tafiya da ƙafarta

Ba mu rasa dokoki ba. Tun 1960 dokar hukunta laifuffuka ta Arewa ta sa fyaɗe cikin manyan laifuffuka. A 2003 gwamnatin tarayya ta yi dokar haƙƙin yara. A watan Mayu 2023 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a kan dokar kare yara ta Jihar Kano.

A watan Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda a ke kira VAPP. Ta hana dukan mata, da korar iyali ba ci ba sha, da kaciyar mata. Ta ba alƙali ikon hana mai zalunci kusantar wadda ya ke zalunta, da ikon sa shi ya biya diyya. Amma a Abuja kaɗai ta ke aiki, sai jihar da majalisarta ta yi tata. Jihohi sun yi ta karɓa ɗaya bayan ɗaya. Har zuwa 2024 Kano ba ta kai ga yin tata ba.

A watan Yuni 2020, bayan labaran fyaɗe sun yi yawa lokacin kullen korona, gwamnonin Nijeriya 36 su ka haɗu su ka ce sun sa dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe.

Ga kuma wadda ta shafi masana'antu kai tsaye. A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 190 a birnin Janiba, don hana cin zarafi a wurin aiki. Nijeriya ta amince da ita a watan Nuwamba 2022. Yarjejeniyar ba ta tsaya ga mai takardar aiki kaɗai ba. Ta haɗa da mai neman aiki, da mai koyo, da masu ƙananan sana'o'i. Ta kuma haɗa da hanyar zuwa aiki da ta komowa gida. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai reshe a Kano, wadda tsarin mulki ya ba ikon jin ƙarar matar da a ka nema da lalata a wurin aiki.

Duk waɗannan suna da kyau. Amma doka kamar garma ce. Kome kyaunta, in ba shanun da za su ja ta, a rumfa za ta yi tsatsa. Shanun doka su ne kuɗi da ma'aikata.

Zanen aro

Shekaru da yawa, babban rabo na wannan aiki a Nijeriya baƙi ne su ke biya. Cibiya ta fari irin Waraka, mai suna Mirabel, an buɗe ta a Ikko a 2013 da taimakon gwamnatin Ingila. Tun 2017 Tarayyar Turai ta biya wani shiri na gyaran harkar shari'a, Kano tana cikin jihohin da ya yi aiki. A 2017 ɗin kuma Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya su ka fito da shirin Spotlight, da yuro miliyan 500 domin duniya duka. A Nijeriya ya yi aiki a Sakkwato, da Adamawa, da Ikko, da Ebonyi, da Kuros Riba, da Abuja, har ya ƙare a 2023. Kano ba ta ciki.

Mun gode musu. Amma zanen aro ba ya rufe katara. A 2021 Ingila ta rage kuɗin taimakon da ta ke bayarwa. A 2025 Amurka ta dakatar da nata, ta rufe hukumarta ta ba da agaji. Ayyuka da yawa a Afirka su ka tsaya cik. Baƙo yana da ranar tafiya. 'Ya'yan namu ne, don haka dole nauyin ya koma cikin kasafinmu, a rubuta shi kowace shekara kamar yadda a ke rubuta na hanya da na taki.

Mu yi ɗan lissafi. Kasafin Jihar Kano na 2024 ya haura naira biliyan 400. A ce daga kowace naira 1,000 an cire naira 1 tak domin wannan aiki. Nawa ke nan? Naira miliyan 400. Wanda ya ke da naira 1,000 ba zai ji ciwon naira 1 ba. Ashe maganar ba ta rashi kaɗai ba ce. Maganar abin da a ka sa gaba ce.

Namu aikin

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati tana da nata, mu ma muna da namu.

Mu daina rufa wa mai laifi asiri. Kunya tasa ce, ba ta yarinya ba. Wanda ya karɓi kuɗi ya kashe magana, ya sayar da 'yar maƙwabcinsa.

In dole ne yarinya ta je talla, kada ta tafi ita kaɗai, kada ta shiga ɗakin kowa, kada magariba ta same ta a waje. Wanda ya fi duka, mu sa ta makaranta.

In 'yarmu za ta kama aiki a kamfani, mu san sunan kamfanin, da lokacin tashi, da wanda za su komo tare. Ta nemi shiga ƙungiyar ma'aikata in akwai.

Mai unguwa da dagaci da liman, in an kawo musu maganar fyaɗe, kada su mai da ita sulhun zaure. Saɓanin miji da mata a kan cefane ana sulhunta shi. Fyaɗe kuwa laifi ne na kotu.

Mu san ɗan majalisarmu. In ya zo gari, bayan mun tambaye shi rijiya da taki, mu ƙara da tambaya uku. Nawa a ka rubuta bana domin kare mata da yara? Nawa a ka saki? Yaushe za a buɗe cibiya irin Waraka a asibitin da ya ke kusa da mu? Mace daga Tudun Wada ko Doguwa ba za ta iya zuwa birni cikin sauƙi kafin kwana 3 su cika ba.

Ga amfanin wannan aji namu. Wanda ya iya karatu ya iya duba takarda da idonsa. Ya iya rubuta wasiƙa ga majalisa, ya sa hannu da sunansa. Ba mai ce masa an yi alhali ba a yi ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Faɗi sunayen unguwannin masana'antu uku na Kano.
2. Cikin awa nawa ya kamata a kai wadda a ka yi wa fyaɗe asibiti? Don me?
3. A wane asibiti Cibiyar Waraka ta ke?
4. Waɗanne ƙofofi uku kuɗi ya ke bi kafin ya isa ga mai bukata?
5. In kasafi naira biliyan 600 ne, a ka cire naira 1 daga kowace 1,000, nawa za a samu?
6. Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga ɗan majalisarku, ka yi masa tambayoyin nan uku.